Baƙo a Alƙahira: Yadda Ake Hawa Metro da Motar Haya

[Kiɗan buɗe shiri]

  Yau birnin Alƙahira na ƙasar Masar za mu leƙa, mu ga yadda baƙo zai fita daga masaukinsa ya je inda yake so ya dawo, da motar da mutanen gari suke hawa, a kan kuɗin da mutanen gari suke biya.

Dalilin zaɓen Alƙahira a bayyane yake. Da wuya ka sami unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ko Damagaram da babu wanda ya taɓa zuwa can. Wani mahaifiyarsa ya kai asibiti, wani ɗansa ke karatu a Azhar, wata kuma sarin abaya ke kai ta. In sun dawo aka zauna lissafi, bayan kuɗin likita da na masauki sai ka ji ana cewa mota ce ta cinye sauran. Yadda abin ke faruwa shi ne, tun daga filin jirgi akwai wanda ke tarbar mutum. Shi ne tafinta, shi ne ɗan jagora, shi ke kiran mota, shi kuma ke faɗin kuɗinta. Da yawansu ɗalibai ne 'yan'uwanmu, mutanen kirki, kuma sun cancanci ladan wahalarsu. Amma mai jinyar da zai yi wata biyu a gari, ko kantin magani ba ya iya zuwa sai an zo an ɗauke shi, to ya sa kansa a takura, aljihunsa kuma yana zuba kullum. A ganina, kwana uku sun isa mai lafiya ya koyi zirga-zirgar da zai buƙata a wannan birni, in ya fara daga inda ya kamata.

Inda ya kamata a fara shi ne jirgin ƙasa na cikin gari, wanda Misirawa ke kira Metro. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, tituna kuma a cushe suke kusan kowane lokaci, don haka abin da ba ya bin titi shi ne abin dogaro. An buɗe layin farko a shekarar 1987, shi ne irinsa na farko a duk nahiyar Afirka. Alamar tasharsa babban harafin M ne ja a cikin tauraro shuɗi. Duk inda ka hango shi a bakin titi, akwai matakala da ke gangarawa ƙasa.

Layuka uku ne ke aiki. Na ɗaya ya taso daga Helwan can kudu, ya ratsa tsakiyar gari ya ƙare a Marg ta arewa maso gabas, kuma mafi yawansa a sarari yake tafiya, a tsakiyar gari ne kawai yake nutsewa. Na biyu, wanda aka fara buɗewa a 1996, ya taso daga Shubra al-Khaima, ya bi ta ƙarƙashin Kogin Nilu ya fita Giza har zuwa Munib. Na uku shi ne sabo, an fara buɗe shi a 2012, kuma shi mutanenmu suka fi buƙata, domin ya bi ta Abbasiyya, unguwar da Madinatul Bu'us take, wato masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Jiragensa na da na'urar sanyaya ɗaki, abin da za ka yaba in ka je a watan Yuli.

To ga abin da ke rikita baƙo ranar farko. Yawancin manyan tashoshin tsakiyar gari ba sunan unguwa suke ɗauke da shi ba, sunayen shugabanni ne. In ka duba taswira kana neman Tahrir, ba za ka gani ba. Tashar da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir sunanta Sadat. In kana neman Ramsis, inda babbar tashar jirgin ƙasa mai zuwa sauran garuruwa take, sunan da za ka nema shi ne Shuhada. A da Mubarak ake kiranta, aka canza bayan juyin juya halin 2011. Waɗannan biyun, Sadat da Shuhada, nan ne layi na ɗaya da na biyu suke haɗuwa. Na biyu da na uku suna haɗuwa a Ataba, na ɗaya da na uku kuma a Nasser. Wanda ya riƙe sunayen nan huɗu, Sadat, Shuhada, Ataba, Nasser, ya riƙe ƙashin bayan abin.

Sai batun gefen da za ka tsaya. Ba a rubuta gabas ko yamma. Sunan tashar ƙarshe ta layin ake rubutawa a allo, da Larabci da Turanci. Misali kana Sadat kana son zuwa Mar Girgis, tashar da ke kusa da masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar. Sai ka duba taswira ka ga Mar Girgis tana kan hanyar Helwan, ka bi kibiyar da ta ce Helwan. Shi ke nan. In ka shiga sai ka ga sunayen tashoshin da ake wucewa ba su ne kake tsammani ba, kada hankalinka ya tashi. Sauka a ta gaba, ka tsallaka ɗaya gefen ta matakala, ka dawo. Layi na uku ne kawai ke da ɗan ƙarin lura, domin bayan tashar Kit Kat ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Rod al-Farag, ɗaya ya nufi Jami'ar Alƙahira. Duba goshin jirgin kafin ka shiga.

Tikiti a taga ake saye, a bakin shiga. Daga 2006 har 2017 fam ɗaya na Masar ake biya ko ina za ka, shi ya sa in ka ji wani tsohon ɗalibi yana ba ka wannan labari, ba ƙarya yake yi ba, zamani ne ya wuce shi. Tun 2018 kuɗin ya koma bin yawan tashoshi: a lokacin an yanke farashin tasha tara zuwa ƙasa, da na har 16, da na abin da ya haura. An ƙara kuɗin sau da dama tun daga nan, saboda haka ba zan faɗi adadi a nan ba, kada wani ya je ya yi musu da mai sayarwa ya ce a rediyo ya ji. Ba sai ka ƙirga tashoshi da kanka ba. Faɗi sunan inda za ka sauka, ka ɗaga yatsu ka nuna ku nawa ne, ka miƙa kuɗi. Sai ka zura tikitin a na'urar ƙofa, ta haɗiye ta fito maka da shi ta gaba. Alhaji, ɗauki abinka ka sa a aljihu. Kada ka yar, kada ka naɗe shi kana sakace, domin da shi za ka fita a can, kuma wanda aka samu ba tikiti tara ce a kansa. Mai daɗewa ya sayi katin da ake zuba wa kuɗi, ya huta da bin layi.

Yanzu ga maganar iyayenmu mata. A kowane jirgi akwai tarago biyu a tsakiya da aka keɓe wa mata, kuma a kan dandamali akwai allo da hoton mace da ke nuna daidai inda za su tsaya. Hajiya, in ke kaɗai ce ko ke da 'yarki, nan ya fi miki, musamman lokacin cunkoso. Mace na da damar shiga kowane tarago in ta so, namiji ne ba shi da damar shiga nasu. Wanda gaggawa ta sa ya afka ciki, matan da kansu za su sanar da shi tun kafin ɗan sanda ya iso, kuma akwai tara. Miji da mata su zaɓi ɗaya tun suna kan dandamali: ko su shiga na kowa tare, ko su raba tarago bayan sun yi ittifaƙi a kan sunan tashar sauka. Su kuma yi magana a kan abin da za a yi in ƙofa ta rufe ta raba su, domin ba ta jiran kowa. Wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak. Wanda aka bari ya shiga na baya ya same shi. In kowa ya shiga neman kowa, yini za a ɓata.

A cikin tarago, in ana kusa da tasha za ka ji na bayanka ya dafa ka yana cewa "nazil?" Tambayarka yake ko za ka sauka. In ba za ka sauka ba, kauce masa daga bakin ƙofa. In za ka sauka, fara matsowa tun tasha ɗaya kafin taka, domin masu shiga ba sa jiran masu fita. Wayarka da kuɗinka su koma aljihun gaba. 'Yan sane ba su da ƙasa, duk inda jiki ke gogar jiki suna nan. Za ka ga masu talla suna ratsa tarago, wani ma ya ajiye maka kaya a cinya ya wuce. Ba dole ba ne, in ya dawo miƙa masa abinsa. Ka kuma kama hannunka da ɗaukar hoto a tasha, jami'an tsaro ba sa son haka.

Jirgin yana fara aiki wajen ƙarfe biyar na asuba, ya tashi wajen ɗaya na dare. Makon aiki a Masar daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Cunkoso ya fi tsanani da safe lokacin fita aiki da makaranta, da kuma daga azahar zuwa magariba. Wanda ke son koyo ya fita ranar Juma'a da hantsi, gari fayau, taragu da wurin zama, ya je ya dawo sau biyu har idonsa ya saba. A watan azumi kuwa, sa'o'i biyun nan kafin shan ruwa kada ka sa wata muhimmiyar tafiya a cikinsu, kowa gida ya nufa kuma ba mai haƙuri da kowa.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna birnin Alƙahira ne, muna duba yadda baƙo zai yi zirga-zirga da abin hawan jama'a.

Metro ba ya kaiwa ko'ina. Ba ya ajiye ka a ƙofar masallacin Azhar. A Ataba ko Babus Sha'ariyya za ka sauka ka ƙarasa, ko da ƙafa ta cikin kasuwa, ko da ƙaramar bas. Tashar da ake kira Giza ba a gindin dalolin Fir'auna take ba, da sauran tafiya mai nisa a mota. Haka unguwannin cikin Madinat Nasr, irin su Hayyus Sabi' da Hayyul Ashir inda 'yan Afirka da yawa ke haya, sai an haɗa da mota. A nan ne ƙaramar bas take shigowa, fara mai ɗaukar mutum 14, wadda suke kira mikrobas.

Wanda ya taɓa shiga bas daga Bata zuwa Kabuga ya riga ya san rabin karatun: mota ba ta tashi sai ta cika, tana tsayawa duk inda aka tsayar da ita, direba kuma yana ganin shi kaɗai ke da titi. Sauran rabin ne ya bambanta. Yawancinsu ba su da kwandasta. Direba ko wani a tasha ne ke kiran sunan inda za a, "Ramsis, Ramsis!" ko "Ashir, Ashir!" In a bakin hanya kake, kai za ka ɗaga murya ka faɗi inda za ka yayin da motar ke rage gudu. In hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya wuce ko kallonka bai yi ba. Akwai kuma magana da hannu. Mai zuwa Hayyus Sabi' yana ɗaga yatsu biyu a buɗe, domin haka lambar bakwai take a rubutun Larabci. Mai zuwa babban titin da ya zagaye gari, wanda suke kira Da'iri, yana juya yatsa yana zana da'ira. Kada ka ƙirƙiri taka alamar. Tambayi mai gadin gidan da kake, ya nuna maka ta unguwarku.

Biyan kuɗin shi ne abin kallo. Da mota ta tashi, 'yan kujerar baya za su haɗa nasu a hannun mutum ɗaya, ya dafa kafaɗar na gabansa ya miƙa yana cewa na mutum kaza ne. Haka kuɗi zai yi ta tafiya hannu da hannu har ya kai ga direba, canji kuma ya biyo hanyar da kuɗin ya bi ya dawo ga mai shi. Direba na tuƙi, yana ƙirga, yana amsa waya. In aka dafa ka aka miƙo, karɓi ka miƙa gaba, ka maimaita abin da ka ji in za ka iya. Farashin kowace hanya hukuma ce ke yankewa, yana kuma tashi duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai, saboda haka babu ciniki. Dubi abin da na kusa da kai ya bayar, ko ka tambaye shi nawa ne kuɗin, ka ce "el ugra kam?" Wannan ita ce fa'idar motar jama'a da mutane ba sa lura da ita: a gaban fasinja 13 da suka san farashi, ba wanda zai ninka maka kuɗi don ya ga baƙuwar fuska. Sai dai ka tanadi ƙananan kuɗi, abin da suke kira fakka. Miƙa takardar fam 200 a kuɗin mota da sassafe neman magana ne.

In ka iso, ka ce "ala gamb ya usɗa," wato a gefe, maigida direba. Ka faɗa da ƙarfi. Mu Hausawa muna da kawaici, mutum sai ya ga an wuce da shi ya yi shiru yana jin nauyin ɗaga murya a cikin baƙi. A mikrobas kawaici ba ya sauke kowa. In ba ka san wurin ba, tun da farko gaya wa direba da na kusa da kai sunan inda za ka. Misirawa na da son taimakon baƙo a irin wannan, sai ka ga mutum uku suna gardama a kan inda ya fi dacewa a ajiye ka. In mace ta shigo aka ga za ta zauna tsakanin maza, sau da yawa akan yi musayar kujera. In an roƙe ka ka matsa, matsa.

Shawarata ita ce kada mikrobas ta zama darasinka na farko. Babu taswira a jikinta, babu allon tasha. Bari wani ya raka ka sau ɗaya a hanyar da za ka riƙa bi kullum, daga masauki zuwa asibiti ko zuwa tashar Metro mafi kusa, ka lura da inda aka hau da inda aka sauka da wata alama da ba ta gushewa, masallaci ko gada ko gidan mai. Hanya ɗaya da ka sani sosai ta fi maka amfani da goma da ka ji labarinsu.

Akwai manyan bas-bas na hukuma, masu araha, amma lambar hanyarsu da Larabci take a goshi. Wannan ya kawo mu ga abin da nake roƙon kowa ya koya tun yana gida, wato lambobin Larabci. Mai karanta Alƙur'ani bugun Madina ko na Masar ya riga ya san su daga lambobin ayoyi da shafuka. Wanda bai saba ba, ga inda tarkon yake. Abin da ka gani kamar sifirin boko, da'ira, biyar ne. Sifiri ɗigo ne kawai. Abin da ya yi kama da bakwai na boko, shida ne. Abin da ya yi kama da uku da aka juya baya, huɗu ne. Kuma ko da yake rubutun daga dama yake farawa, lamba daga hagu ake karanta ta, yadda muka saba. Rabin awa ta isa a haddace su, kuma da su za ka karanta lambar bas, da farashin kaya, da lambar motar da ka kira ta waya.

Malamanmu masu Larabci kuma su yi shiri. In ka yi Larabcin littafi za a gane ka, har a girmama ka, amma amsar da za ta dawo da harshen titi za ta zo, da sauri. Jimun a bakin mutumin Alƙahira ga ce, ƙaf kuma tana faɗuwa. Kalmomi kaɗan sun isa hanya: fen, ina, bikam, nawa, yimin, dama, shimal, hagu, ala ɗul, miƙe, mahaɗɗa, tasha. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a can ka tambayi mutum biyu ko uku, domin wani kara ce ba za ta bar shi ya ce bai sani ba, sai ya nuna maka hanya da zuciya ɗaya alhali ba ita ba ce. Mai kanti da mai gadi sun fi mai wucewa sanin unguwa.

A cikin lunguna akwai babur mai ƙafa uku, suna ce masa tuktuk. Shi ne dai A Daidaita Sahu namu, ƙirar Indiya. Na gajeren zango ne, ba a yarda ya hau manyan tituna ba, ba shi da mita, wasu matuƙan kuma yara ne ƙanana. Yi ciniki kafin ka hau.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi a daina shiga tasi. Akwai lokacin da ita ce daidai. Daren da ka sauka da akwatuna, Metro ba ya shiga filin jirgi, mota za ka nema. Marar lafiyar da aka yi wa aiki, ko mai wankin ƙoda, ko tsohon da gwiwa ta hana shi hawa matakala, ba a ja shi cikin turmutsitsi don a rage fam kaɗan, wannan ba tattali ba ne. Mai jinya ne zai hau Metro ya je karɓo sakamakon gwaji ko sayo magani, shi kuwa majinyaci a ɗaukar masa mota. Farar tasi tana da mita, addad suke ce mata. Kafin ka zauna ka nuna ta ka ce a kunna. In direba ya ce ta lalace, ko ku yanke kuɗi tun ƙofa na buɗe, ko ka bar shi ya tafi, wata na baya. Mafi sauƙi ga wanda ba ya jin harshen shi ne manhajar waya irin su Uber da Careem, domin kana ganin kuɗin tun kafin ka shiga, kuma ba sai ka yi kwatance da baki ba. Wannan na buƙatar layin waya na ƙasar mai data, ana sayensa da fasfo tun a filin jirgi. Kafin ka buɗe ƙofa, gwada lambar motar da wadda ke wayarka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a Alƙahira ba mota ba ce, tsallaka titi ne. Hannun tuƙinsu irin namu ne na Nijeriya da Nijar, amma motoci ba sa yankewa, fitilar kan hanya kuma ba ko'ina take ba. In akwai gadar ƙafa, hau, ko da ta yi nisa. A Tahrir da Ramsis mutane kan bi ta ƙarƙashin ƙasa, ta hanyoyin tashar Metro, su ɓullo ɗaya gefen. In babu ko ɗaya, tsaya kusa da 'yan gari, su kasance tsakaninka da motocin da ke tahowa, in sun taka ka taka. Kada ka ruga, kada kuma ka kai tsakiya ka juya da baya, domin direba ya riga ya auna tafiyarka, ja da bayan ne ke ɓata masa lissafi. Mai babbar riga ya tattare ta, mai yaro ya riƙe shi a wuyan hannu.

Mai son leƙa Iskandariyya, daga Ramsis ake shiga jirgi. Wannan hanya an kammala ta tun 1856, ita ce hanyar jirgin ƙasa ta farko a Afirka. Ka je da fasfonka, kuma ka sani farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa.

Kafin ka fita daga masauki kowace rana, abu uku su kasance a jikinka: hoton fasfonka da shafin biza ko takardar zama, domin ana iya tambaya a hanya, katin otal ko takardar da aka rubuta adireshin gidanka da Larabci, haɗe da sunan tashar Metro mafi kusa, da lambar wani da ke jin harshen, a rubuce a takarda, saboda waya na mutuwa. Lambar 'yan sanda a Masar 122 ce, ta motar asibiti 123, ta 'yan sandan da ke kula da baƙi masu ziyara kuma 126.

Ku kuma ɗalibanmu da ke can, in baƙo ya sauka a hannunku, ku ware masa safiyar Juma'a ɗaya. Ku kai shi tasha, ku bar shi ya sayi tikiti da bakinsa, ya karanta allo da idonsa, ku kuna biye da shi. Iyaye masu shirin tura yaro ko kai marar lafiya, a rubuta sunayen nan huɗu a takarda tun yau: Sadat, Shuhada, Ataba, Nasser.

Nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani daga abin da ya gani da idonsa, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]